Kwat ɗin Kofur Haddon

Wata mata mai neman itace ce ta tsinci gawar da safiyar Litinin, a cikin kwazazzabon da ke bayan shingen waya na sansanin jiragen sama na Malundi. Ta yar da gatarinta ta sheƙa a guje. Ba sansanin ta nufa ba, gida ta nufa, don ta san abin da kan biyo bayan baƙar fatar da ya ce ya ga gawar Baturiya. Mijinta ne ya yi ta maza ya kai labari.

Kofur Moira Haddon ce, shugabar matan da ke naɗe laimar sauka ta matuƙa jirgi. A daminar 1943 yaƙi ya kwashe mazan Turawan Rodeshiya, sai aka ɗauki matansu aikin sojan sama, aka ɗinka musu kaki iri ɗaya tun daga hula har takalmi. An rotsa mata ƙeya da dutse. Siket ɗinta yana jikinta, da shat da safa da takalmi, hular tana gefe a cikin ciyawa. Kwat ɗinta ne kawai babu.

Kafin rana ta take labari ya isa garin Gwelo. Turawan gari suka shiga goge bindigogi a baranda. A unguwar ma'aikata kuwa, can bayan rumbunan jirage, ko kare bai yi haushi ba. Masu dafa abinci da masu shara da askarawa kowa ya kama bakinsa, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa yana tunanin wa za a ɗauka, don ɗauka kam babu makawa sai an yi.

Sufeto Rawlins ya aika a kira Mbiko Thebe, mai bin sawun 'yan sanda. Mbiko ya tsufa a kan wannan aiki. Ya bi ɓarayin shanu har bakin kogin Shangani, ya bi zakin da ya ci mutum, kuma shi mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Da ya iso kwazazzabon ya yi tsakin, domin sojoji sun tattake wurin kamar an ci kasuwa. Ya bar su da gawar ya zagaya can nesa inda ƙafarsu ba ta kai ba, ya durƙusa.

Mata biyu ne suka gangaro daga ƙofar baya, kafaɗa da kafaɗa. Takalminsu ɗaya, irin na gwamnati mai faffaɗan dunduniya, takunsu gajere saboda matsin siket. Ɗaya ta tsaya a kwazazzabon har abada. Ɗayar ta hau duwatsun rafi ta yi sama. Mbiko ya miƙe zai bi ta, sai ga wani ɗan sanda yana haki.

"Baba Thebe, Sufeto ya ce ka bari haka. An kama shi."

"An kama wa?"

Ɗan sandan ya kau da kai. "An ga kwat ɗin a ɗakin wanki, an wanke shi tas an goge. Bekezela ne, Baba."

Bekezela ɗan ƙanwarsa ne. Mbiko da kansa ya raba shi da kiwo ya nema masa aikin wanki da guga a sashen mata.

* * *

A gadurum ya same shi, zaune a ƙasa, ido ɗaya a kumbure, leɓe a fashe.

"Kawu, ka zo?"

"Na zo. Buɗe baki ka gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Ina ka samo kwat ɗin?"

"A kwandon wanki, Kawu, bayan ɗaki, inda suke jefa kayansu. Abin da ya shiga kwando shi nake wankewa."

"Ba ka ga jini a wuyansa ba?"

"Na gani. To Kawu, kayan mata ne. Wane wata ne ba na wanke jini? Ni wa zan tambaya? In je in ce, ranki ya daɗe, wannan na haɓo ne ko na mene ne? Ai a ranar za a kore ni."

"Ina kake jiya da la'asar?"

Bekezela ya sunkuyar da kai. "Na je duba tarkon zomo a gonar Bature. Ni kaɗai."

Mbiko ya yi tsaki, amma wannan karon tsoro ne ya fito da shi. Shaida ɗaya da yaron ke da ita laifi ce ita ma, kuma zomo ba ya zuwa kotu.

A bakin ƙofar sansani ƙanwarsa MaThebe tana zaune a ƙasa, ta tako daga ƙauye da ƙwaryar nono a hannu, an hana ta shiga. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi kuka ciwo.

"Yaya, yana bin shanun ubansa lafiya ka zo ka ce ga aikin Turawa. Kai ka kai shi. Kai za ka dawo mini da shi."

Ya sunkuyar da kai ya wuce. A maraicen nan aka garƙame ɗakin wanki da duk kayan da ke ciki a matsayin shaida, sannan sama ta tsage da ruwa ta shafe sawun da ke bakin rafi.

* * *

Askarin da ya yi gadin ƙofar baya ran Lahadi sunansa Siziba, dogo mai rawar murya. Mbiko ya ba shi taba suka zauna a inuwar tankin ruwa.

"Mata nawa suka fita?"

"Biyu, bayan abincin rana."

"Nawa suka dawo?"

"Ɗaya na gani, gab da faɗuwar rana. Kofur ɗin ce. Na riga na gaya wa Sufeto. Ɗayar ƙila ta babbar ƙofa ta zagaya."

"Ka ga fuskarta?"

Siziba ya dube shi kamar ya ga mahaukaci. "Haba Baba Thebe! Fuskar Baturiya? Ka manta wanda aka ɗaure bara saboda wata ta ce ya ƙura mata ido? Ni ina da 'ya'ya. In sun taho, idona yana ƙasa. Takalmi na gani, da siket, da igiya biyu ta kofur a hannun kwat. Na ƙame, ta wuce."

"Igiya biyu."

"Biyu. Kuma ta ɓalle maɓallan har maƙogwaro, a wannan zafi. Har na ce a raina, Turawa dai ba sa jin abin da muke ji. Hannun rigar ma ya rufe mata yatsu."

Mbiko ya daɗe yana murza tabarsa. Moira Haddon doguwa ce, kwat ɗinta ba zai rufe mata yatsu ba. Kwat ɗin ne ya dawo sansani, a jikin wata.

Ya kai wa Rawlins wannan magana a tsaye, hula a hannu. Rawlins ba azzalumi ba ne irin na ihu da mari, gajiyayye ne kawai, kuma gajiyayye mai iko ya fi mugu wuyar sha'ani.

"Mai gadi ya ce kofur ta dawo," in ji shi. "Ke nan daga baya aka yaudare ta aka fitar da ita, kuma na gida ne ya yi. Ga kwat a teburin ɗan ƙanwarka. Me kake so in yi?"

"Ranka ya daɗe, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Sau ɗaya ƙafarta ta fita, kuma mace ce ta raka ta."

"Ina sawun?"

"Ruwa ya tafi da shi."

"To ka gani. Na tambayi matan duka, ba wadda ta ce ta fita da ita. Kana so in tsaya gaban Kwamanda in ce kawun mai laifi ya ce Baturiya ce ta kashe Baturiya? Je ka huta, Mbiko."

* * *

Mutum ɗaya ce a cikin Turawan sansanin take jin harshen Sindebele kamar 'yar gida, wato Saja Alida Potgieter, wadda duk matan ke ƙarƙashinta. A gona aka haife ta, matar Ndebele ce ta goye ta, kuma ƙatuwa ce mai faɗa da kowa. Ita ta aika a kira Mbiko bayan ɗakin girki.

"Baba Thebe, akwai wani ɗalibin tuƙi, Colin Dewar. Ran Asabar a wurin rawa ya yi wa Moira ihu a gaban jama'a. Na gaya wa Sufeto ya ce shirmen samari ne. Ni dai na ga hannunsa na dama duk ƙarzuna ne."

Zuciyar Mbiko ta yi tsalle. Bature namiji ya fi Baturiya sauƙin zargi, har ya fara yi wa idonsa gardama, yana cewa ƙila tsufa ne ya sa ya ga mata biyu. Ya sami sawun Dewar a gefen waya ya bi shi da zumuɗi. Sawun bai nufi kwazazzabo ba. Maƙabartar sansani ya kai shi, gaban wani sabon kabari da aka shuka wa fure mai ƙaya. Ƙayar ce ta yi masa ƙarzunan hannu.

Alida ta kawo saurayin ta yi musu tafinta. Yaro ne ɗanye, idonsa ja.

"Abokina ne," in ji Dewar. "Jirginsa ya kama wuta, ya yi tsalle, laimarsa ba ta buɗe ba. Ina sama ina kallonsa har ya kai ƙasa. Aka ce ƙaddara ce. Na ce wa Moira ɗakinsu na laima ne ya kashe shi."

"Me ta ce?"

"Ta ja ni gefe ta ce in yi shiru. Ta ce akwai ɗan zaren da ake ɗaure bakin laima da shi lokacin naɗi, wanda dole a cire kafin a rufe jaka, kuma ta gano ba a cire ba. Ta san wadda ta naɗa. Ta ce za ta ba ta dama ta kai kanta, in ba ta yi ba ran Litinin ita za ta je wurin Kwamanda."

"Ta faɗi suna?"

"A'a."

Ran Lahadi da la'asar Dewar yana sama tare da malaminsa, sansani duka ya shaida. Mbiko ya rasa wanda ya sa wa rai, amma ya sami dalilin kisan. Mata huɗu suka rage a ɗakin laima.

* * *

Ran Laraba ya koma rafi ya hau duwatsun da sawun ya bi tun farko. Can sama akwai wani gurbin ruwa da sarƙaƙiya ta yi wa rumfa, wurin da shanu da karnukan makiyaya ke kwanciya da rana, ƙasar duk zarni. Ruwan sama bai shiga ƙarƙashin sosai ba. Ga shatin gwiwoyi biyu a laka, ga inda aka ɗebi yashi aka cuɗa wani abu da shi. A cikin duhuwar, ciyawa ta kwanta ta yi fari-fari daidai faɗin riga, da zaren kaki a bakin wata ƙaya.

Ya karanta abin kamar a gabansa aka yi. Jini ya ɓata mata shat. Ta tuɓe ta wanke, ta ga ba zai bushe ba kuma tabon bai fita ba, sai ta ɓoye shi a nan ta koma ta zare kwat ɗin gawa ta rufe jikinta. Sannan ga wani sabon sawu a kan lakar da ruwan Litinin ya bari, takalmin nan dai na gwamnati, ya shigo ya fita, dunduniyar hagu tana ɗan ja waje. Ta dawo ta ɗauki rigarta, saboda sunanta yana ɗinke a wuya. A lokacin Bekezela yana kulle.

"Matan suna zuwa ajiye furanni," in ji Rawlins da ya kai masa labarin sabon sawun, ko tashi bai yi ba.

"Ba a wurin da ta mutu ba ne, ranka ya daɗe."

"Kawo mini suna. Kuma ba daga bakinka ba, don bakinka ba ya shiga kotu a kan Baturiya."

Mbiko ya yi ta shawagi a sansanin kwana da kwanaki. Ba a yarda ya kusanci ɗakunan mata ba. Hanyoyinsu tsakuwa ce da ake sharewa kullum, filin fareti kuma kwalta. Daga nesa yake hangen su suna maci, hula ɗaya, kwat ɗaya, siket ɗaya, kamar an buga su a injin. Bai taɓa tsanar tufafi ba sai a lokacin. Ƙanwarsa tana nan a bakin ƙofa kullum, ta daina yi masa magana. Da mako ya zagayo aka ce motar da za ta kai Bekezela kotun Bulawayo tana zuwa ran Juma'a, kuma kowa ya san wanda aka kai Bulawayo a kan irin wannan ratayewa ake yi.

* * *

Mbiko ya je yi wa ɗan ƙanwarsa sallama ran Alhamis da safe, da tuwon masara a ƙunshe. Zazzaɓi ya kama Bekezela, yana ta surutu.

"Kawu, wa yake musu guga yanzu?"

"Ka ci abinci. Ina ruwanka da gugarsu?"

"Da ruwana. Damina ce, lokacin putsi ne. Ka gaya musu kada wadda ta sa rigar da ba ta ga wuta ba. Har ɗinkin ciki nake bi, har bakin safa. In tsutsa ta fito musu, ni za a ce ban yi aikina ba."

Mbiko ya tsaya da loma a hannu. Duk wanda aka haifa a ƙasar ya san putsi, ƙudan nan da ke yin ƙwai a jikin tufafi mai danshi, musamman wanda aka shanya a ƙasa cikin inuwa inda dabbobi ke fitsari. In ba a bi rigar da dutsen guga mai zafi ba, tsutsar takan huda fata ta zauna, bayan 'yan kwanaki wurin ya tashi kamar maruru. Wata riga ta kwana biyu a ƙasan sarƙaƙiyar nan.

Ya sami Alida tana zagin wani direba. Ya jira ta gama.

"Ranki ya daɗe, tun da aka kulle ɗakin wanki, yaya matanki suke yi da kaya?"

"Shat biyu ake ba kowace. Ɗaya yana kulle a can, ɗayan suke wankewa su sa. Ina da dutsen guga ɗaya a ɗakina, kuma duk abin da aka wanke a gabana ake goge shi. Ni 'yar gona ce, Baba Thebe, ba za a yi mini tsutsa a bariki ba."

"Akwai shat ɗaya da ba a gabanki aka wanke ba. Mai shi ba za ta kawo miki ba, don akwai tabo. Kuma ba ta da wani."

Fuskar Alida ta canza. "Ka san abin da kake roƙo? In tuɓe Baturiya a kan maganarka?"

"Ba a kan maganata ba. Jiki magayi. Ki duba wadda ba ta jingina da kujera."

"Moira ta raina ni, na raina ta, ba mu taɓa shan shayi tare ba," in ji ta. "Amma tawa ce. Ka zo ɗakin laima gobe da safe."

* * *

Ɗakin laima dogo ne, da tebura masu santsi daga bango zuwa bango. Motar Bulawayo tana waje tana jira. Alida ta matsa wa Rawlins har ya zo yana duba agogo, ta kira Dewar da Siziba, ta jera matan huɗu. Mbiko yana bakin ƙofa, idonsa a ƙasa kamar yadda doka ta koya masa, don haka abin da ya faru a ɗakin yawanci da kunne ya gan shi. Takalma takwas ne a gabansa, iri ɗaya, an goge su suna ƙyalli.

"Duba kaya," in ji Alida. "A cire kwat."

Ya ji ƙarar maɓallai. Kwat uku suka sauka a tebur.

"Ashby, ke fa?"

"Sanyi nake ji, Saja. Ba ni da lafiya."

Beryl Ashby ce, 'yar ƙarama mai sanyin murya, wadda jirgin ruwa ya kawo daga Ingila 'yan watannin baya. Wannan ce daminarta ta farko a ƙasar.

"Sanyi a wannan zafi? Kwana nawa kina cin abinci a bakin benci kamar mai jiran mota? Cire."

Takalmin da ke ƙarshen layi ya ja da baya taku biyu. Dunduniyar hagu ta ja waje. Mbiko ya rufe ido.

Aka yi 'yar kokawa, sannan wata daga cikin matan ta ce, "Wayyo Allah!" Rawlins ya daina duba agogo, don Mbiko ya ji takunsa ya matsa.

"Sufeto, dubi bayan shat ɗin," in ji Alida. "Wannan ɗigo-ɗigon ruwan ƙuraje ne. Wannan na gaba kuma, da aka cuɗa da yashi, ba shayi ba ne. Ke, miƙo man shafawar nan."

Mbiko ya san abin da take yi, haka ake yi wa yara a ƙauye. A toshe bakin marurun da mai, tsutsar ta rasa iska ta leƙo. Sai Beryl Ashby ta ƙwalla ƙara irin wadda bai taɓa ji daga bakin mutum ba.

"Mene ne wannan? Mene ne a jikina? Ku cire mini! Ku cire!"

"Putsi ne. A ina kika shanya rigarki?"

"Na shimfiɗa ta a ƙarƙashin katifa ta miƙe, haka muke yi a barikinmu na gida. Ba wanda ya gaya mini!"

"Ban tambaye ki guga ba. A ina ta kwana?"

Daga nan magana ta ɓalle mata, tana kuka tana haɗiye rabi. Zare ɗaya ne ta manta. Tun asuba suke naɗi har yatsu su mutu, jirage ba sa ƙarewa. Ta roƙi Moira a bakin kwazazzabo, ta durƙusa mata, Moira ta ce yaro ya mutu, dole a faɗa, ta juya za ta tafi. Dutsen yana nan kusa. Kwat ɗin kuwa ta jefa shi kwando ne kawai don ta rabu da shi.

"Kin san an kama mai wanki," in ji Alida.

"Na sani."

"Kin san abin da za a yi masa."

Dewar ya fita da gudu ya yi amai a gindin bango. Mbiko ya jingina da ƙofa cike da murna, yana ganin ya gama.

* * *

Motar ta koma Bulawayo babu kowa. Rawlins da Kwamanda suka kulle kansu a ofis har bayan azahar. Da aka kira Mbiko, Alida tana fitowa, fuskarta jawur, ta wuce shi ba ta iya dubansa ba.

Rawlins ya yi magana yana kallon taga. "Yarinyar ba ta cikin hankalinta. Asibiti za a kai ta, daga can jirgin ruwa. Ba za a yi shari'a ba."

"Ranka ya daɗe, ta faɗa da bakinta."

"Ana yaƙi, Mbiko. In aka ji cewa mace mai kaki ta kashe matuƙi da sakaci ta kuma kashe kofur ɗinta, wane yaro zai sake yarda da laimarsa? Wace uwa za ta ba da 'yarta? Za a ce wani baƙo mai wucewa ne ya yi, ya tsere."

"To a saki yarona."

"Gari duka ya san an ga kwat a hannunsa. In na sake shi haka, tambaya za ta taso, kuma ba zai kai ƙauye da rai ba. Ga abin da na samo masa, da ƙyar. Ya amsa cewa ya tsinci gawar ya sace kwat ɗin. Bulala da shekara biyu. In ya ƙi, maganar kisa tana nan, za a kai shi Bulawayo, kuma a can ba wanda zai ambaci sunan Ashby. Ni ma ba zan ambata ba." Sai a lokacin ya juyo. "Kai zai saurara. Gobe za a kai shi gaban majistare."

Mbiko ya so ya yi tsaki, bakinsa ya bushe. Ya sa hularsa tun bai fita daga ofis ba, iyakar abin da ya iya yi ke nan.

Bekezela ya miƙe zaune da ya gan shi. Zazzaɓin ya sauka, idon da ya kumbura ya fara buɗewa.

"Kawu, an ce motar ta tafi. Ka gano?"

"Na gano."

"Wa?"

"Ɗaya daga cikinsu. Ta amsa a gaban Sufeto."

Yaron ya yi dariya, leɓensa ya sake fashewa bai ma ji ba. "Na san za ka gano! To yaushe za mu tafi? Inna tana waje?"

Mbiko ya zauna a ƙasa kusa da shi ya gaya masa komai, bai rage ba bai sassauta ba. Dariyar ta bushe a fuskar Bekezela a hankali.

"In ce na cire riga daga jikin gawa? Kawu, a ƙauyenmu maye ne kaɗai yake taɓa kayan mamaci. Wa zai sake cin abinci da ni? Wa zai ba ni 'yarsa?"

"Mai rai ake ƙi. Wanda aka rataye ba a ƙinsa, binne shi ake yi a bayan kurkuku, uwarsa ba ta san wurin ba."

"Amma ban yi ba. Kai ka sani, Sufeto ya sani."

"Duk mun sani."

Bekezela ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Mbiko ya bar shi ya yi mai isarsa. Can waje wani jirgi ya tashi, rufin kwanon ya yi ta kakkarwa har ƙarar ta yi nisa.

"Share fuskarka. Majistare zai yi maka tambayoyi, in ka yi tuntuɓe za su ce kana ɓoye babban laifin. Ka ce ka je duba tarko, ka ga ungulu suna shawagi, ka gangara. Ka ga kwat mai kyau, zuciya ta ruɗe ka. Faɗa in ji."

"Na je duba tarko," in ji Bekezela. "Na ga ungulu. Na... Kawu, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Kada ka dube shi, ka dubi ƙasa. Daga farko."

"Na je duba tarko. Na ga ungulu suna shawagi, na gangara. Na ga kwat mai kyau, na sata."

Mbiko ya kama hannun yaron ya riƙe gam, hawaye suna bin gemunsa.

"Bai zauna ba tukuna, ɗana," in ji shi. "Sake faɗa."